Yadda Mai In'ina Ya Tsaya Gaban Alƙali

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, matasa da ke can baya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Sunana Ishaku. Waɗanda suka daɗe a unguwar nan ta Moduganari sun san ni, ɗan Mama Rifkatu mai ɗinki. Waɗanda suka zo daga baya kuma sun san dogon nan da ke tsayawa a layin ƙarshe na ƙungiyar mawaƙa. To yau ba waƙa ta kawo ni ba, magana na zo yi, kuma duk wanda ya san ni tun ina yaro ya san wannan kaɗai ma abin godiya ne. Roƙona ɗaya: idan kun ji na tsaya a tsakiyar zance, kada wani ya ƙarasa mini. Ku bar ni, zan iso.

Da in'ina na tashi. Ba irin 'yar ƙaramar nan ba da mutum zai maimaita harafi ya wuce. Tawa mai kulle maƙogwaro ce. Kalmar tana nan a kaina, na san ta sarai, amma ta ƙi fita. Jijiyar wuya ta tashi, ido ya rufe, ƙafa ta yi ta dukan ƙasa. Abin da ya fi komai ba ni wahala shi ne sunana. Kowace kalma kana iya kauce mata ka nemo wata mai kama da ita, amma sunanka ba shi da madadi.

An yi ƙoƙari a kaina, ba zan ce ba a yi ba. Na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci. An ce in riƙa sa tsakuwa a ƙarƙashin harshe, na sa, saura kaɗan in haɗiye ta. An kai ni wuraren addu'a, an ɗora mini hannu har wuyana ya gaji. Abin mamaki, idan waƙa ce bakina lafiya lau yake, shi ya sa na maƙale wa mawaƙa. Amma ba a sayen barkono a kasuwa da waƙa.

Idan yara muka yi faɗa a layinmu, kowa zai zuba nasa bayanin, kafin in haɗa kalma biyu an yanke hukunci, bulala ta sauka a bayana. Babana ne kaɗai, wanda yanzu yana hutawa wurin Ubangiji, ba ya yarda da haka. Malamin firamare ne. Sai ya ce, "Ishaku, je ka rubuto mini abin da ya faru." Ya karanta, ya ji ta bakin ɗayan, sannan ya yi hukunci. Wani lokacin ma ni ne mai laifin, in sha dukana, amma da daɗi a raina don an ji ni. Tun daga nan na san zafin a ce mutum yana da abin faɗa bakinsa bai kai ba, kuma tun daga nan na ce lauya zan zama.

Ranar da na faɗi haka a gaban dangi, kawuna Yohanna ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Lauya? Kai ɗin? Ai kafin ka gama gaishe da alƙali an tashi kotu. Ka nemi aikin likitan dabbobi, ɗana, akuya ba ta neman bayani." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Matasa, ku da kuke tare ni a bakin ƙofa kuna tambayata hanyar, ku buɗe kunne a nan. Hanyar tana da tsawo. Sai ka fito sakandare da sakamako mai kyau, musamman Turanci da adabin Turanci. Sai jarrabawar shiga jami'a, kuma makin da ake nema ga mai son karatun shari'a ba na wasa ba ne. Ni ban samu a karon farko ba, sai da na sake. Sannan shekara biyar a jami'a, in babu yajin aiki, mu kuwa mun sha shi. Kullum baƙi da fari za ka sa, farar riga da baƙin wando, a zafin ranar Maiduguri. Ka karanta dokar laifuka, dokar filaye, dokar kwangila, tsarin mulki, dokar shaida, ka haddace shari'o'in da aka yanke tun kafin a haifi kakanka.

Karatun bai ba ni tsoro ba. Takarda ba ta yi wa mutum dariya. Abin da ya ba ni tsoro shi ne kotun gwaji, inda ake shirya shari'ar ƙarya, ɗalibai su tsaya a matsayin lauyoyi su yi jayayya a gaban malami.

A nan Allah ya haɗa ni da Bukar, Babarbare, ɗan wani mai sayar da huluna a unguwar Lamisula. Bukar yana da baki. Idan ya fara magana sai ka manta tambayar da ka yi masa. Amma zaman laburare ya fi masa zaman gidan yari wuya. Yana kirana Fasto, ina kiransa Goni, wato gwanin Alƙur'ani. Shi ya koya mini rabon gado a darasin shari'ar Musulunci, da tsakuwoyi a ƙasa, har na fi shi maki, bai kuwa yafe mini wannan ba har yau.

Wata rana ya ce, "Fasto, kai kana da kai, ni ina da baki. Ka nemo hujja ka rubuta, ni in tashi in zuba. Wa zai iya da mu?"

Haka kuwa aka yi. Ni bincike da rubutu, shi tsayuwa. Muka yi suna a ajinmu. Na fito da digiri mai kyau ba tare da na taɓa tsayawa gaban jama'a na yi jayayya ba, kuma ban taɓa leƙa kotun gaske ba, don ko giftawa na yi ta ƙofarta sai gabana ya faɗi.

To digiri ba ya sa ka zama lauya, wannan ma ku riƙe. Bayansa akwai makarantar horar da lauyoyi, shekara guda, kuma ita ce mai wuyar. Ba kai kake zaɓen reshen da za a kai ka ba. Da sunaye suka fito, aka tura Bukar kudu, ni aka tura ni wani wuri dabam. A tasha ya dafa kafaɗata ya ce, "Fasto, yanzu kuma sai ka nemi bakinka, ni ma in nemi kaina." Dariya muka yi, amma kowannenmu jikinsa ya yi sanyi.

Can babu wasa. Kwat da laktaye kullum, ka makara a rufe ƙofa, a lissafa zuwanka aji. Har cin abinci ana koya mana, akwai liyafar lauyoyi da dole ka halarta cikin baƙar kwat, ka riƙe wuƙa a dama cokali mai yatsu a hagu, ka zauna a natse. Ni wannan liyafar ta fi mini komai daɗi a makarantar, domin ba a son surutu a cikinta.

Ajinmu babban zaure ne, ɗalibai ɗaruruwa. Malami yana yawo da makirfo a hannu, wanda ya ga dama ya miƙa wa. Na yi ta laɓewa bayan masu manyan kawuna, har ranar da ta ƙare mini. Malamar da ke koya mana yadda ake gudanar da shari'ar laifi ta tsaya a kaina, ta miƙo mini makirfo, ta ce in faɗi sunana, in gaya wa aji abin da kotu ke dubawa kafin ta ba da beli.

Na san amsar, 'yan'uwa. Ko daga barci aka tashe ni zan rubuta ta. Na miƙe, na buɗe baki, maƙogwaro ya kulle. Makirfo kuwa ba ya rufa wa mutum asiri. Duk zauren yana jin nishina da kokawar da nake yi da harafin farko na sunana. Wani ya fara dariya a baya, sai ta bi layi. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Malamar ba muguwa ba ce. Ta tsawatar wa aji, ta ce in zauna. Bayan an tashi ta kira ni, ta ce akwai lauyoyin da ba sa zuwa kotu, masu rubuta yarjejeniya da aikin kamfanoni, kuma suna cin abinci lafiya. Gaskiya ta faɗa. Amma ta kuma tuna mini cewa idan muka dawo daga sanin makamar aiki, kowane ɗalibi zai tsaya shi kaɗai a gaban kwamiti ya yi bayanin abin da ya koyo da bakinsa, kuma wanda bai tsallake wannan ba, ba za a rantsar da shi ba. Ban da haka ma, ni ba don in zauna da takardun kamfani na sha wannan wahalar ba. So nake in tsaya wa mutum.

Sanin makamar aikin nan shi ne a tura ka kotu ka zauna ka ga yadda ake yi na wasu makonni, sannan a tura ka ofishin wani lauya. Ni aka turo ni gida Maiduguri. Na tattara kayana kaf, na hau mota.

Mama tana kan keken ɗinki na shigo. Ta dubi kayan, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Ishaku, zuwan 'yan watanni ne ka kwaso har da bokiti da katifa?"

Na ce, "Mama, ba zan koma ba."

Na ɗauka za ta yi kuka ko faɗa. Matar da ta ɗinka kayan makarantar rabin yaran unguwar nan don in yi karatu. Sai kawai ta cire ƙafa daga kan keken, ta ce, "To, na ji. Ci abinci. Gobe Litinin, za ka je kotun da aka tura ka, ko don kada a ce ɗan malam ya gudu. Amma kafin nan za mu biya addu'ar safe."

A majami'ar nan aka yi, da sassafe, mu kaɗan ne, yawanci tsofaffi mata. Na durƙusa can wajen taga. Ba zan ɓoye muku ba, fushi nake da Allah. Na ce masa a zuciyata, "Ubangiji, kai ka yi bakin nan, kai kuma ka sa mini son aikin nan, ga shi ba sa tafiya tare. Ko ka kwance mini harshe, ko ka cire mini wannan abu daga raina in huta. Na gaji da zama abin dariya."

Sai na ji muryar Mama a gefena, tana yi a fili. "Uba, ban zo in ce ka canja mini ɗa ba. Haka ka ba ni shi, haka nake sonsa. Ka buɗe idonsa kawai ya ga wurin da ka shirya masa."

Addu'ar nan ta ba ni haushi. Ni warkarwa nake nema, ita tana cewa a bar ni yadda nake. Na tashi ban ji komai ba, ba wuta, ba rawar jiki, sai yunwa. Na sa kwat, na tari Keke Napep, na nufi babbar kotu.

Mu ɗalibai gefe ake ajiye mu. Ba mu da izinin cewa uffan, namu kallo da rubutu. Alƙalin dattijo ne mai furfura, ga wani ƙaton littafi a gabansa. Aka kira shari'ar farko, rikicin fili. Wani matashin lauya ya miƙe, kwat ɗinsa sai sheƙi, ya fara zuba Turanci ba ko numfashi. Irin lauyan da na yi ta mafarkin zama ke nan. Na ce a raina, ka gani ko, Ishaku, wannan shi ne aikin, kai me ya kawo ka?

Sai alƙali ya ajiye alƙalaminsa, ya jingina da kujera, ya bar shi yana ta yi. Da lauyan ya lura, ya yi shiru. Da Turanci alƙalin ya yi magana, amma ga abin da ya ce: "Barista, da wa kake magana? Idan da ni kake, ka dubi alƙalamina. Abin da ban rubuta ba, ba ka faɗe shi ba. Koma farko."

Ashe a kotun nan alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa, na lauya da na mai shaida. Abin da ke cikin littafin nan shi zai duba ya yi hukunci, shi kuma za a ɗauka a kai gaba idan an ɗaukaka ƙara. Duk daɗin bakinka, idan ka wuce hannunsa, iska ka yi wa magana. Na karanta wannan a takarda, amma ban taɓa tunanin me yake nufi ga mai tsayuwa ba.

Da aka zo kan ɗaya ɓangaren, wata dattijuwar lauya ta miƙe. Ta faɗi 'yan kalmomi, ta tsaya. Idonta ba ya kan jama'a, ba ya kan fuskar alƙali, yana kan hannunsa. Sai alƙalami ya tsaya, sannan ta ƙara wasu 'yan kalmomin, ta sake tsayawa. Shirun da take yi ya fi wanda nake yi tsawo. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya natsu, ana jin kowace kalma tana sauka.

Na daina rubutu. Duk rayuwata ina gudu ne in kamo masu saurin baki, gudun nan kuma shi ke ƙara shaƙe ni. Ga shi wurin da na fi tsoro a duniya, dokarsa ita ce a yi magana kaɗan-kaɗan a tsaya. Na sunkuyar da kai a kan bencin nan na ce, "Na gani, Ubangiji. Na gani."

Da yamma na koma gida na ce, "Mama, ina biro? Yau ke ce alƙali."

Muka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Ta gyara tabarau, ta ɗauko tsohon littafin awon ɗinki, ni kuma na tsaya a gabanta da kwat. Mama firamare ta yi, rubutunta a hankali yake, tana yi tana cije leɓe. Na fara da Hausa, daga baya na koma Turanci. Idan na yi sauri sai ta buga tabarma ta ce, "Barista, dubi birona!" Idan na kawo wata doguwar kalmar shari'a sai ta ce, "Wannan kuma sunan magani ne? Sake faɗa."

Maƙwabta suna leƙowa ta katanga, sun ɗauka karatu ya taɓa ni. Ban damu ba. Kullum na dawo daga kotu, sai mu zauna. Abin da na gano shi ne, idan idona yana kan biro, ba na ganin fuskokin da ke jirana. A cikin tsayawar nan numfashi yake dawowa, maƙogwaro ya saki, kalma ta gaba ta fito da kanta. Ba kullum ba. Akwai ranar da za ta kulle, in tsaya ina kokawa. Mama ba ta ɗagowa. Sai ta ce, "Kotu tana jira, ba inda za ta."

Da lokaci ya yi, na ɗaure katifata da bokitina na koma makaranta. Na tsaya gaban kwamitin nan, mutum uku a bayan tebur. Harshena ya riƙe a farko, ya sake riƙewa a tsakiya. Na tsaya, na ja numfashi, na ci gaba daga inda nake. Na tsallake.

Sai babbar jarrabawar ƙarshe, wadda faɗuwa a darasi ɗaya tak ke iya mayar da mutum baya. Ubangiji ya riƙe hannuna, na ci. Aka kira mu Abuja aka rantsar da mu, muka sa baƙar riga da hular gashin nan mai ƙaiƙayi, muka je Kotun Ƙoli muka sa hannu a rijistar lauyoyi. Ni da Bukar rana ɗaya. Ya ce shi ma sai da ya koyi zaman laburare, har ya rame. Mama ta zo da zanen zumuntar matan majami'a. Kawu Yohanna kuwa, a motar dawowa, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gaya masa cewa shi ne ya fara hango lauya a jikina.

Amma hula ba ta magana, 'yan'uwa. Ranar gaskiya tana gaba.

Na kama aiki a ofishin lauyan da na yi sanin makamar aiki a wurinsa. Wata safiya wani tsoho ya shigo, Babarbare daga ƙauyen Zabarmari. Ɗansa Modu manomin shinkafa ne. Sun yi rigima da maƙwabcin gonarsa a kan hanyar ruwa, aka kai ga dambe, maƙwabcin ya ji rauni, aka kama Modu. Makonni ke nan yana tsare. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka, tsohon ba shi da ƙarfin yanka, ga mata da yara a gida.

Ogana yana da wata shari'a a babbar kotu a ranar da za a dawo da Modu. Ya miƙo mini fayil ya ce, "Ka je kotun majistare ka nemi belinsa."

Na ce, "Oga, ni?"

Ya ce, "Akwai wani lauyan a bayanka ne?"

Wannan ba kotun gwaji ba ce, ba kuma tabarmar Mama ba. Idan bakina ya ci amanata, mutum ne zai koma gidan yari, abincin shekararsa ya lalace a gona.

Kotun ta cika, zafi kamar a gasa mutum, fanka ba ta juyi. Aka kira shari'ar, aka shigo da Modu aka tsayar da shi a akwatin waɗanda ake tuhuma. Siriri ne, idonsa ya faɗa. Ba ya jin Turanci, Hausarsa ma kaɗan ce, don haka tafinta ya tsaya kusa da shi yana juya masa da Barbarci. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya faɗi sunansa. Saura ni. Ka'ida ce lauya ya miƙe ya faɗi sunansa da wanda yake karewa kafin komai.

Na miƙe. Na ce, "Ya Mai Shari'a." Na zo kan sunana, ya kulle.

Tsohon abin nan ya dawo gaba ɗaya, wuya, ido, ƙafa. Na ji wani lauya a bayana yana gyaran murya. Gumi ya bi ta cikin rigata. Sai na kai idona kan teburin majistare. Mace ce, kanta a sunkuye, bakin bironta a kan takarda, tana jira. Ba ta dube ni ba ma. Na kira sunan Yesu a zuciyata, na saki kafaɗa, na bar numfashi ya shiga. Sunan ya fito. Ta rubuta.

Daga nan na bi hannunta. Na ce laifin da ake tuhumarsa da shi doka ta yarda a ba da beli a kansa. Na tsaya, ta rubuta. Na ce har yanzu doka tana kallonsa a matsayin marar laifi. Na tsaya. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya yi suka, ya ce ba a gama bincike ba, kuma idan aka sake shi zai gudu. Na sake miƙewa. Na ce wanda ya ji raunin an sallame shi daga asibiti. Na ce Modu ba mai gudu ba ne, a yankin nan aka haife shi, gonarsa tana nan, iyalinsa suna nan, ga mahaifinsa zaune a kotu a shirye yake ya tsaya masa.

Ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta ɗago, ta karanta hukuncinta. An ba da beli. Haleluya!

Sai da aka gama cika sharuɗɗa a ofishin magatakarda aka sako shi, rana ta yi tsaka. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu yana ta yi mini sannu da Barbarci, "Wushe, wushe, lauya." Modu ya tsaya gefe yana kallona. Can ya matso, ya yi magana da 'yar Hausarsa.

Ya ce, "Lauya, tun da aka kama ni ana magana a kaina. Wajen 'yan sanda ana yi, a nan ana yi. Tafinta ya ba ni rabi, rabi ya wuce shi. Ban san me ake cewa a kaina ba. Yau kai ka yi a hankali, duka ya ba ni. Na ji ka ce ni ba mai gudu ba ne." Ya dafa ƙirjinsa. "Gaskiya ka faɗa."

Na zaga bayan ginin kotu na yi kuka, da kwat ɗina da komai.

'Yan'uwa, ban tsaya nan in ce muku in'ina ta tafi ba. Kun ji ta da kunnenku yau. Abin da Ubangiji ya kuɓutar da ni daga gare shi tsoro ne da kunya, waɗanda suka ɗaure ni fiye da yadda harshe ya taɓa ɗaure ni. Waɗannan kam sun tafi, kuma na san ba za su dawo su mallake ni ba.

Kai da kake zaune da abin da kake ganin ya hana ka, a jikinka ne ko a gidanku, ka ci gaba da kai kukanka wurin Allah, ko da fushi ne ka gaya masa, yana iya ɗauka. Amma idan ka tashi daga durƙuso, ka je inda aka aike ka a ranar. Ka dogara gare shi ko ba ka ji komai a jikinka ba. Matasa masu son wannan karatu, ku zo ku same ni, hanyar doguwa ce amma ana kaiwa.

Ina gode wa Ubangiji Yesu da dukan zuciyata. Ina gode wa Mama, ga ta can tana ɓoye fuska da gyale. Shari'ar Modu ba ta ƙare ba tukuna, ku sa mu a addu'a ni da shi. Amma shinkafarsa, shi ya yanke ta da hannunsa.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.